Gidimuni a Kan Tebur

Guntayen gilashi biyar suka rage
daga tagogin wani bene a Zango.
Na haɗa su da gam, na bar su kwana biyu
a bayan shago, cikin Kasuwar Dole.
Maƙwabcina mai walda ya leƙo:
"Wane irin akwati ne ba marfi, ba makulli?"
Na ce na ruwa ne.
Ya yi dariya har da tari.
A Damagaram? Inda famfo ke magana
sau ɗaya, tsakar dare, in ya ga dama?

Habsu ba ta yi dariya ba, ƙirga ta yi:
jarka biyu wajen Ɗan Jimma mai kura.
"Ruwan tuwo, ruwan wanki,
yanzu kuma ga ruwan kallo."
Sai ta dubi ƙofar ɗakin Baba,
ta miƙo mini ƙwaryar da ba ta yoyo.

Shekara talatin Baba ya yi da taru a Gidimuni.
Tun da ɓarin jikinsa ya daina jin kira,
abin kallonsa bango ne,
da ƙadangaren da ke zuwa gaisuwa da hantsi.

Na shimfiɗa laka a ƙasa, kaurin ɗan yatsa,
na rufe da yashin ƙorama.
Sau bakwai na wanke yashin nan
yana ta fitar da jan ruwa kamar mai riƙo.
Dutse ɗaya na tsinto a gindin duwatsun Birni,
na jingina shi a kusurwa.
Ruwan ya kwana a buɗe, warin magani ya fita,
na zuba shi a kan faranti, sannu sannu,
kada ƙasa ta tashi.
Duk da haka ta tashi.
Kwana uku muna kallon kunu.

Ciyayin a leda suka zo, cikin motar Lahadi,
wani tsohon yaron Baba ne ya aiko:
wata mai gashi kamar jelar doki,
wata doguwa kamar ganyen albasa,
ɗan bado guda, da tushensa kamar goro.
Da matsefatar Habsu na dasa su,
ina tura saiwa, ina saki, tana tasowa,
ina turawa, tana tasowa.
Can na ji ƙwanƙwasa a jikin gado.
Baba ne, da hannun da ya rage masa,
ya karkata yatsa biyu: a kwance, ba a tsaye ba.
Na kwantar. Ta zauna.

Kainuwa kuwa ban taɓa ta ba.
Wa ya isa? Dashen Allah ce.
Ta yi ta yawo a sama da gemunta a sake.

Mako uku babu kifi.
Cima na tambaya kullum in ta dawo daga lakkal,
ina cewa gida ake fara gyarawa kafin baƙo.
Gansakuka ta zo ba gayya, ta yi wa gilashi kore,
na janye teburin daga bakin taga.
Katantanwa biyu suka ɓullo, ban san ta ina ba,
suka kama shara ba lada.

Ran da na saki 'yan kifin, huɗu, ba su kai ɗan yatsa ba,
wuta ta ɗauke.
Cima ta haska tocila ta gefe.
A bayan ganyen albasar nan
ƙananan kumfa sun jeru kamar tsakiya,
ɗaya ta saki, ta hau.

Baba ya daɗe yana tattara bakinsa.
Na sunkuya, ina jiran addu'a.
Ya ce, "Huɗu... sun yi yawa."

Duk Juma'a nakan kwashe ƙwarya uku, in zuba sabo.
Tsohon ruwan Habsu ke karɓa.
Na'ana'arta ta cika tukunya,
ba ta dai ce komai ba.