Ɗan Riƙo

Ƙarfe ɗaya na dare a Talaje, an ɗauke wuta,
batir ya ce saura kashi goma sha tara,
sai ga saƙon Sahabi daga Tawa:
"Na ba ku laburarena kyauta. Ku haɗa da naku."

Laburare in ji masu sana'a.
Ni ƙunshi nake ce masa,
layi dubu huɗu da ɗoriya,
shekara uku yana saƙa shi bayan sallar isha'i
don saƙon farashin albasa ya isa waya
ko a inda layi ke zuwa kamar baƙon kunya.

Manhajarmu ba ta da ƙofa, balle kwaɗo.
Kowa ya ɗiba, kowa ya zuba.
Mu biyar ne ke shara.

Na ji daɗi, wallahi, har na tashi na ɗora shayi.
A kofi na biyu na tuna da akuyar da kawu ya ba mu:
ranar farko guɗa,
kashegari neman dusa.

Na buɗe ƙunshin ina tsince shi kamar shinkafar Katako.
Aiki mai tsabta. Hannun Sahabi na san shi,
yana barin bayani a gefe
kamar mai yi wa makaho kwatance.
Sai a can tsakiya hannu ya sake.
Layi ɗari uku, ba sallama,
ba lasisi, ba suna,
sai wani laƙabi, Gwanki,
da adireshin da ya mutu tun bara waccan.

Wake ɗaya ke ɓata gari.
In mai shi ya taso gobe ya ce nawa ne,
wa zai tsaya? Sahabi ya samu aiki, zai tafi Agadas.

Na rubuta masa: Mun gode, Allah ya saka.
Amma wane ne Gwanki?
Kuma in abin ya yi zazzaɓi da tsakar dare
ƙofar wa za a buga?

Kwana shida shiru.
Illiyasu ya ce mu karɓa, ba a mayar da hannun kyauta.
Barira ba ta ce komai ba,
tana cin dambu da hagu a kan allon rubutu,
dama tana gangarawa layi layi.

Ranar Laraba ta ce: "Ku ba ni riƙonsa.
Na Gwanki zan cire, in sake da hannuna.
Sauran, sunan ubansa na nan a sama, ba mai gogewa."

Sahabi ya amsa daga tasha, kalma biyu: "Na yarda."

Muka shigar da shi da la'asar.
Ba guɗa, ba raɗin suna,
gwaji dai ya yi kore.
Da magariba ƙorafin farko ya iso
daga wani mai albasa a Galmi:
saƙo na zuwa masa sau biyu.

Barira ta wanke hannu, ta jawo kujera.