Ƙarfe Uku a Hull

Ƙarfe uku na dare a Hull,
ruwa na tsiyaya a jikin taga,
shayina ya huce, ban ko kurɓa ba.
A ɗaki na tara Misis Elwud tana barci,
damtsenta da shatin yatsu huɗu,
kuma na san mai yatsun.

Takardar rahoto na gabana tun sha biyu.
Sunana kaɗai na rubuta.
Wanda zan kai ƙara shi ke raba mana aiki,
bizata kuwa a ɗaure take da gidan tsofaffin nan
kamar akuya a turke.
Kuɗin makarantar Dogara a Malumfashi
daga gindin turken suke fita.

Ya Ubangiji, ka san ni da tsoro.

Sai na tuna Shifra da Fuwa,
ungozoma biyu, ba takobi, ba ɗan'uwa a fada.
Sarki ya ce a kashe,
suka yanke cibi, suka yi wa jinjiri wanka.
Na tabbata gwiwoyinsu sun kaɗa a gaban karaga,
bakinsu ya bushe kamar nawa.
Sunan sarkin ba a rubuta ba,
nasu ga shi a bakina.

Rizfa kuma, da tsummokinta a kan dutse,
tun farkon girbi har saukar ruwa,
rana korar ungulu, dare korar namun daji,
don gawawwakin da ba za su ce mata sannu ba.
Misis Elwud ma ba ta san sunana ba.
Margaret take kirana,
ƙanwarta da ta rasu tun ba a haife ni ba.
Nakan amsa.

Innata ba ta yi karatu ba, a ka ta riƙe labaran nan,
tana ɓarar gyaɗa tana ba mu.
Ta ce matan nan suna da tsoronsu,
goya shi suka yi a baya suka fita aiki.

To, na goya nawa.
Na sa rana, na sa lokaci, na sa abin da idona ya gani.
Rubutun ya karkace, amma yana karantuwa.

Ban ce ka raba min teku ba.
Muryata kawai za ka riƙe min, ƙarfe takwas,
in na ƙwanƙwasa ƙofar ofis.

Ƙararrawar ɗaki na tara ta kaɗa.
Ina zuwa, Misis Elwud.
Margaret ce.