Darasin Shuɗaɗɗen Lokaci

Mako na shida da fara koyon koyarwa,
At-Bashi, ƙasar Kirgiz, aji na bakwai.
Duwatsu sun naɗa farin rawani,
tun zuwana ba su warware ba.
Murhun kwal na tari a kusurwa,
alli ya sandare, yatsuna ma haka.

Malama Burul tana bencin ƙarshe,
mayafin ulu a kafaɗa, jan biro a hannu.
Ita za ta auna ni.
Shekara talatin gare ta a ɗakin nan,
ni kuwa kwana arba'in da takarda uku:
minti biyar gaisuwa, goma bita,
sauran duk na shuɗaɗɗen lokaci a Turanci.

Na ce kowa ya faɗi abin da ya yi jiya.
Meerim ta sha shayi. Daidai.
Tolkun ya kalli ƙwallo. Daidai.
'Yan biyun gaba sun kwafi juna,
sun je kasuwa ranar da kasuwa ba ta ci ba.

Sai raɗa ta tashi a baya, cikin harshensu,
tana bin benci kamar wutar kara.
Na buga tebur: "Turanci kawai!"
Muryar da ta fito ba tawa ba ce.
Ta Malam Barau ce, na firamare,
mai karɓar naira biyar kan kowace kalmar Hausa.
Ashe ya ɓuya a jakata,
ya tsallako teku ba biza.

Aji ya yi tsit.

Ulan ne ya miƙe, yaron da ban san muryarsa ba,
rigarsa na warin hayaƙi da tumaki.
Ya tsinto kalmomin ɗaya bayan ɗaya
kamar mai tsintar tsakuwa cikin shinkafa:

"Jiya, dusar ƙanƙara.
Dokin kakana yana faɗuwa.
Ina riƙe kansa.
Ina kiransa.
Ba ya tashi."

Kuskure huɗu. Na ƙirga su, aikina ke nan.
Littafi ya ce a gyara nan take, kafin su yi saiwa.
Allin na hannuna, allon na jira,
jan biro ya tsaya cak a bayan aji.
To, da wane hannu zan tura doki cikin jiya
alhali kansa na kan cinyar yaron har yanzu?

Na ce, "Yaya sunansa?"
Ya ce, "Toru."
Na maimaita, harshena ya yi tuntuɓe,
Meerim ta gyara mini, aji duka suka gyara mini,
baki ashirin da uku a kan malama guda,
har sai da sunan ya zauna daidai.
Ulan bai yi murmushi ba. Ya gyaɗa kai, ya zauna.
Ƙararrawa ta cinye sauran takarduna.

A ofis Malama Burul ta miƙo sakamako:
shida cikin goma.
"Lokaci ya ƙwace miki.
Kin daka tsawa ba dalili.
Kuskure huɗu sun wuce ta gabanki kina kallo."
Ban ce uffan ba. Wanda ya zo koyon iyo
ba ya gardama da mai kogi.

Ta zuba mini shayi da madara, rabin kofi,
yadda suke yi wa baƙon da ba sa so ya tafi da wuri,
ta gutsuro gurasa ta tura gabana.
Ta daɗe tana kallon taga.

"Ki gyara masa," in ji ta, "dole ne.
Amma ki bari sai Litinin.
Kafin nan dokin ya gama mutuwa."

Da dare na buɗe takardar Litinin.
Na rubuta jimla huɗu da fensir,
a hankali, yadda za su gogu.