Littafin Asara a Mil Tuwel

Ƙarfe huɗu na asuba tirela ke shigowa,
ta baro Kadawa tun shekaranjiya.
Kafin a kwance igiya na san labari:
jan ruwa na ɗiga ta ƙasan bodi,
ƙuda ya riga dillali zuwa.

Ni ke rubutu a rumfar Alhaji Mamuda.
Shekara tara ina ja wa shafi layi a tsakiya,
dama abin da ya iso, hagu abin da ya mutu a hanya.
Kwando ɗari uku,
tamanin sun zama miya ba su ga tukunya ba.

Kowa da wanda yake zagi.
Manomi ya ce direba ya miƙe ƙafa a Jebba yana shan shayi.
Direba ya ce 'yan lodi sun ɗora kwando kan kwando
kamar masu gina bene.
'Yan lodi suka ce umarni aka ba su.
Iya Sikira mai tebur a Ketu ba ta musu,
hannu take zurawa har gwiwa,
ta zaƙulo na ƙasa, ta nuna, ta rage kuɗi.

Ba mu shirya taro ba.
Ruwan Ikko ne ya kora mu rumfa ɗaya wata Laraba,
ya ƙi tsayawa.
Don a rage zaman shiru na buɗe littafi
na karanta hagun shafi da ƙarfi.

Bawale mai baro ne ya fara dariya.
Ya ce, tamanin ɗin nan ai na san su,
ni ke kai su bola, a wuyana suke ƙarewa.
Obinna, da ke hayar akwatin roba daga Ojota,
ya ce wata shida yana yawo ba mai sauraro.
Tanimu direba ya ce,
to ai rabin motata iska take ɗauka in zan koma.
Aka kalli juna
kamar maƙwabtan da suka gano rijiyarsu ɗaya.

Yanzu duk Laraba bayan la'asar muna nan.
Babu shugaba. Benci biyu ne da buhun gawayi.
Manomi Garba Ɗantsoho yana Kadawa,
sai mu jefa waya cikin kwanon sha don muryarsa ta fito,
ya yi ta faɗa daga cikin kwano
kan a daina sa shi tsinka da rana tsaka.
Iya Sikira da Hausarta ta kasuwa,
mu da Yarbancinmu na ciniki,
inda harshe ya gaza sai a ɗaga tumatur.

Wata Folake daga Ikorodu ta zo neman ruɓaɓɓe,
taki take yi da shi.
Abin da ake biyan Bawale ya zubar
yau sayarwa yake yi.

Ba komai ne ya daidaita ba.
Akwati goma sha ɗaya sun tafi Arewa ba su dawo ba,
har aka kusa cire riga.
Malam Ɗantani mai sayar da kwando
yakan zauna a bakin benci
ya ce, ni kuma fa?
Har yau ba mu ba shi amsar da za ta kai gida ba,
amma mun hana kanmu tashi ba a ji shi ba.

Jiya na rubuta talatin da ɗaya a hagu.
Na sake ƙirgawa don ban yarda da hannuna ba.

Da na fito na leƙa ƙarƙashin tirela.
Yaron mota ya shimfiɗa kwali a wurin,
yana barcinsa,
babu abin da ke ɗiga masa.