Zobe a Ƙafar Baƙo

Bayan ruwa ya janye daga fadamar Ambursa,
ya bar mana laka da ragowar shinkafar da bai ci ba,
na kafa asuta don kurciya.
Da hantsi na tarar da wani daban:
ɗan tsuntsu toka-toka, ƙafa kamar tsinken tsintsiya,
zuciyarsa na bugun tafin hannuna
kamar mai son a buɗe masa ƙofa.

Mun san irinsu. Baƙin fadama muke ce musu.
Sai shamuwa ta tafi suke zuwa,
ba sallama, ba ban kwana.
Zamanin babana in sun tashi, gona kan yi inuwa.
Bana na ƙirga, ban cika hannu biyu ba.

Amma wannan da zobe a ƙafarsa,
farin ƙarfe, rubutu ƙanana kamar ƙwan kiyashi.

Na sa shi a hula na kai wa Kulu, ɗiyar ƙanena,
mai koyarwa a Birnin Kebbi.
Ta juya zoben, ta duba waya, ta daɗe shiru.
Ta ce, Baffa Arzika,
wannan daga ƙarshen arewa ya fito,
ba arewar Kangiwa ba, ba ta Agadas ba,
can inda rana kan yi makonni ba ta faɗi ba.
Babu itace, sai gansakuka da gajeren haki.
Ka haƙa kamu biyu ka ci karo da ƙanƙara,
ƙasa daskararriya tun ba a aza dutsen Surame ba.

Na ce, mai ƙanƙara ai ya huta.

Ta ce, narkewa take yi.

Ta nuna mini dajin da ke kudu da su,
dogayen itatuwa masu ganye kamar allura,
sun karkace, wannan ya jingina da wancan
kamar masu dawowa daga maƙabarta.
Ƙasa ce ta saki saiwarsu.
Tafki ya shekara ɗari a wurinsa, ya tsiyaye ta gindi.
Ciyawa da ƙasusuwan da sanyi ya yi wa ajiya
sun fara ruɓa, suna huci sama,
hucin ya ƙara wa duniya zafi,
zafin ya dawo ya ƙara kwance ƙasar.
Gobara kan ci daji ta shige ƙasa,
ta kwanta kamar garwashi cikin toka,
sanyi ya wuce, ta farka.
Ƙwari kuma sun koma fitowa da wuri,
'yan tsaki su fasa ƙwai
su tarar kasuwa ta watse.

Ni ban san ƙanƙara ba
sai ta cikin buhu, a tasha, watan azumi.
Amma na san rumbu
da duwatsun gindinsa suka nutse cikin damina.
Na san daren da gaɓar gulbi ta zabtare
ta tafi da mangwaron Namakka, tsaye, da 'ya'yansa.
Na san kunyar zuwa biki
bayan an kife tukwane.

Kulu ta kwafe lambar a bayan takardar magani.
Ta ce waɗanda suka sa zoben
za su so jin inda ya kai.
Na ce, gaya musu ya iso.
Gaya musu ya rame.
In da sauran wuri a takardar,
ki ce ruwa ya ci mu bara, ya ci mu bana,
ko su ma za su gane hannun.

Da la'asar na buɗe hula a bakin ruwa.
Na ɗauka zai yi sama, ya nufi gida.
Taku uku ya yi, ya girgiza,
ya soka baki a laka yana neman abinci.

Na naɗe asuta.
Da dare Inno ta tambayi kurciyar miya,
na ce, yau baƙo na yi.