Ranar Da Ba A Tsere

Mun bar Soatá kafin ƙararrawar coci ta farka,
kekuna shida a ɗaure a rufin mota,
ƙafafu sama, kamar awakin da za a kai kasuwa.
Ni ne direba, ni ne bakanike,
ni ne mai ajiyar rasit ɗin fetur a gwangwanin biskit.

Takardar gasa ta ce yau hutu.
Wanda ya rubuta hakan bai taɓa tuƙi
da gwiwar Arbey tana dukan bayan kujerarsa ba.

Arbey ke kan gaba da daƙiƙa goma sha ɗaya.
Ya riƙe su kamar mai ɗauke da ƙwai a hula:
ba ya dariya, ba ya buɗe taga,
in ya ji tari a baya sai ya toshe hanci.
Ferney kuwa, autanmu,
jiya kwalta ta ci rabonta a cinyarsa.
Ya zauna a karkace, ɗuwawu ɗaya na aikin biyu,
yana ƙirga shanu don kada hawaye su ci amanarsa.

Hanya sai naɗewa take kamar hanjin rago.
Gonakin dankali sun rataye a jikin tsauni,
gajimare ya sauko yana lasar gilashi.

Muna wuce Susacón, sai jerin gwanon motoci.
Ruwan daren jiya ya kwance wa tsauni zani:
jar ƙasa ta zaftaro ta kwanta a titi,
har da bishiya guda a tsaye a kanta,
ba ta san an yi ƙaura da ita ba.

Kowa na nan.
'Yan koriyar riga da suka matse mu a kwana shekaranjiya,
'yan Tunja da babbar bas ɗinsu,
alƙalin gasa da usur a wuya, babu wanda zai hura wa.
Ɗan sanda ya ce katafila tana hanya.
Tun ƙarfe tara take hanya.

Doña Herminda ta fito da tukunya daga wani gida mai jan rufi:
ruwan mazarƙwaila mai zafi, cuku na narkewa a ciki,
da wainar masara mai ƙauri.
Yunwa ba ta san launin riga ba.
Na ga Arbey ya miƙa kofinsa ga Yeison,
mutumin da ke bin sa bashin daƙiƙun nan,
suka sha, ba wanda ya ambaci gobe.

Can sai ga wani dattijo a kan keken ƙarfe,
tsatsa ta cinye sunan kamfanin,
garwar madara biyu, wayam, suna ƙara a gefe.
Ko kallon kekunanmu bai yi ba,
alhali kowanne ya fi saniyarsa tsada.
Ya sauka, ya naɗe wando,
ya saɓa keken a kafaɗa,
ya taka laka har ƙwauri,
ya haye, ya hau, ya tafi.

'Yan tsere tamanin suka bi shi da ido.
Ferney ne ya fara tafi,
sai tsaunin duka ya ɗauka.
Alƙali ya hura usur har sau uku.
Dattijon bai waiwayo ba,
wataƙila ya zaci da karen wani ake.

Sai la'asar sakaliya aka buɗe hanya.
Mun shiga Monguí da fitilu,
aka ba mu ajin makaranta, katifu a ƙasa,
lissafin yara bai gama gogewa a allo ba.
Na sauke kekuna ɗaya bayan ɗaya
ina wanke sarƙa da tsohon buroshin haƙori.
Ni ma na taɓa ɗaura lamba a baya;
na zo na tara a garin nan, babana ya ajiye jaridar har ya rasu.

Cikin duhu Arbey ya ce, “Libardo,
tsohon nan, tazarar nawa ya ba mu?”
Na ce, “Awa biyar da 'yan kai.”
Ya yi shiru.
Sai na ji katifa tana girgiza,
dariyarsa ta farko tun ran Talata.