Matakala ta Huɗu

Asabar, ƙarfe bakwai, Bradford na yayyafinta na kullum.
Na jiƙa bangon falo da soso da ruwan ɗumi,
na sa wuƙa na fara kankara.
Takardar sama ta fita salin-alin.
Ta ƙasa, koriyar nan da Baba ya liƙa
shekarar da aka haifi Sabi'u, ta ce ba ta san zancen ba.
A karkace take, don shi bai yarda da ma'auni ba,
wai ido ya ishi mai ido.

Shekara arba'in da ɗaya gidan nan yana roƙon gyara,
Baba yana ba shi haƙuri:
"Baƙo raɓa ne, baɗi war haka muna Malumfashi."
Silin ya yi yoyo, aka ba shi bokiti.
Taga ta ƙi rufuwa, aka toshe mata baki da tsohuwar safa.
Matakala ta huɗu ta yi ta kuka
har muka koyi tsallake ta
kamar yadda Inna ke tsallake sunan ɗan farinta.

Ni ba magina ba ce. Allura nake yi a asibiti.
Kwaɓa filasta a waya na koya,
wajen wani mai gemu da komai ke yi wa sauƙi.
Guduma ta sami babban yatsana sau biyu,
farcen ya yi baƙi kamar na mai rini.
Sabi'u ya bugo daga Leeds:
"Lantana, ki sayar mana da shi mu huta."
Na ce to, na ajiye, na ci gaba da kankara.

Tsoho Ackroyd na maƙwabta ya miƙo tsani ta kan katanga,
ya ce mahaifinki ma ya taɓa aronsa,
ya dawo da shi da kwanon miya mai sa hawaye.

Wajen la'asar koriyar ta sallama.
Sai ga fensir a jikin filasta, hannun Baba,
bakwai ɗinsa mai ɗamara:
kwano bandir shida,
siminti buhu tamanin,
kuɗin magini, kuɗin ruwa,
fam nawa ke zama naira nawa, an soke, an sake, an soke.
Ƙasa da lissafin, zanen gida:
zaure, rijiya, ɗakin yara,
wani ɗan da'ira da aka rubuta wa "lemo".

Na san gidan. Ya tsaya a linta.
Awakin wani ne ke kwana a ɗakina.
Mai zanen kuwa yana Scholemoor,
ƙarƙashin ciyawar da ba ta taɓa sanin rani ba.

Inna ta sauko da sandarta, a hankali,
ta gyara tabarau, ta daɗe tana duban bango.
Na ɗauka kuka za ta yi.
Sai ta sa yatsa a kan zanen:
"Na ce masa madafi a nan,
hayaƙi zai shiga ɗaki. Bai ji ba."
Ta juya ta ɗora shayi.

Sati uku ina shafe da goge.
Na sauke bokiti, na hau na toshe inda ruwa ke shigowa,
safa ta koma shara, taga ta koyi rufe bakinta.
Bango ya sha fenti ruwan madara, hannu biyu,
ban da wuri ɗaya, kamu uku da ɗan ɗori,
da na zagaye da siririn katako.
Baƙi na tambaya ko hoto ne.

Jiya na zo kan matakalar.
Ƙusa huɗu, gam, minti goma,
abin da ya gagari shekara arba'in.
Na taka, na yi tsalle a kai, shiru.

Da asuba na sauko alwala cikin duhu,
ƙafata ta tsallake ta.